Zanzaro A Cikin Gida: Lokacin Da Za A Ƙyale Shi Da Lokacin Da Ya Kamata A Ɗauki Mataki

Gabatarwa

Da zarar damina ta kankama ƙasa ta jiƙa, da wuya a sami gida a 'Yankuzo da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Tsafe, Gusau da Bungudu wanda ba a ganin ginin zanzaro a cikinsa. Ana samun sa a jikin azara, da kusurwar soro, da bayan ƙyauren ɗaki, da ƙarƙashin hular rumbu, har ma a cikin rigar da ta daɗe a rataye. Mutane da yawa da sun gan shi sai su ɗauko maganin feshi, wasu kuma su cinna wa tsumma wuta su nufi wurin. Mun shirya wannan bayani ne domin magidanta, da masu unguwanni, dagatai da hakimai, da shugabannin makarantu da na ɗakunan shan magani, su san irin ƙwaron da suke tare da shi. Abin da muke son jama'a su fahimta shi ne, a mafi yawan lokuta zanzaro ba ya buƙatar magani ko kaɗan, kuma gubar da ake fesawa dominsa ta fi shi haɗari ga iyali. Sai dai akwai wasu wurare da barin gininsa kan jawo asara, kuma akwai 'yan uwansa da ake rikita shi da su waɗanda ba a yi masu sakaci.

Yadda ake gane shi

Zanzaro dogon ƙwaro ne mai siririn ƙugu kamar zare, wanda daga nan ne ma Hausawa suka samo kalmar yin zanzaro ga wanda ya cusa riga cikin wando ya ɗaure. Iri biyu aka fi gani a gidajenmu. Na farko baƙi ne mai rawayan ƙugu da ratsin rawaya a ƙafafu, idan yana tashi ƙafafun nasa na reto. Masana na kiran sa Sceliphron spirifex, kuma ana samun sa a faɗin Afirka har zuwa kudancin Turai. Shi ne mai gina 'yan dogayen ɗakuna a jere, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, daga baya ya bi su da yaɓe su zama dunƙule guda. Na biyu ya fi girma, launinsa baƙi ne da ja-ja, daga dangin da ake kira Delta, gininsa kuma ya fi kama da 'yar ƙaramar tukunya ko tulu mai ɗan baki. Ban da waɗannan akwai wasu ƙanana da ba sa wahalar da kansu da gini, sai dai su nemi ramin da ya riga ya samu, kamar ramin ƙusa ko kafar makulli ko bakin bututu, su toshe shi da laka. Waɗannan ƙananan su ne suka fi jawo ɓarnar da za mu yi bayani a gaba.

Dukkansu halinsu ɗaya ne ta fuskar da ta fi shafar mu, wato kowace mace ita kaɗai take aikinta. Ba su da sarauniya, ba su da ma'aikata, ba su da masu gadin gida. Namijin ba shi da ƙari ma sam, domin ƙarin harbi na mace ne kawai.

Yadda yake gini da abin da ke cikin ɗakin

Macen zanzaro takan sauka a bakin rijiya, ko gindin randa, ko gefen kududdufi, ko wurin da ake kwaɓa ƙasar gini, ta dunƙula laka da bakinta ta tallabo ta da ƙafafun gaba. Ɗaki guda kan ci mata sawu masu yawa. Ƙarar nan mai kama da ta ƙaramin inji da ake ji daga bayan ƙyaure tana fitowa ne lokacin da take girgiza jikinta domin lakar ta baje ta kama, kamar yadda magini kan bubbuga yaɓe. Idan ɗakin ya kammala sai ta shiga farauta. Mai rawayan ƙugu gizo-gizo yake kamawa, mai ginin tulu kuwa tsutsar ganye. Takan harbi abin da ta kama da dafin da zai sandarar da shi ba tare da ya mutu ba, ta yadda ba zai ruɓe ba kafin a buƙace shi. A ɗaki ɗaya ana iya samun gizo-gizo daga 'yan kaɗan har zuwa sama da goma, gwargwadon girmansu. Ƙwai guda ɗaya tak take sakawa a kowane ɗaki, sannan ta liƙe bakin da laka ta koma gina na gaba.

Cikin 'yan kwanaki ƙwan zai ƙyanƙyashe, tsutsar da ta fito ta cinye guzurin da aka ajiye mata, ta saƙa wa kanta kwanso ta kwanta, har ta rikiɗe ta zama cikakken zanzaro. Daga nan sai ya huda bango ya fita. Uwar ba ta komawa ciyar da shi, ba ta kuma zama a cikin ɗakin da ta gina. A waje take kwana, abincinta kuma ruwan furanni ne. Saboda haka duk ginin da aka ga yana da 'yan ramuka zagayayyu a jikinsa, masu shi sun riga sun tashi, kango ne kawai ya rage.

Akwai tsohon zance da ake yi cewa zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya rufe a ɗaki har ta zama ɗansa. Ba a ƙasarmu kaɗai aka yi wannan zato ba. Mutanen ƙasar Sin sun daɗe a kansa, har sai da wani masanin magunguna nasu mai suna Tao Hongjing, wajen shekara 1,500 da suka wuce, ya fasa ɗakunan ya ga ƙwan zanzaron tare da tsutsar da aka kamo. Duk malamin makarantar da ke son nuna wa ɗalibansa wannan, fasa ɗaki guda sabo a kan takarda ya wadatar.

Daga wannan bayani za a ga cewa zanzaro ba ya cin hatsi, ba ya cin itace, ba ya cin tufafi, kuma ba a san shi da yaɗa wata cuta ba. Gininsa a jikin rumbu ba ya rage ko tiya guda ta dawa. Mai ginin tulu ma taimakon manomi yake yi, tun da tsutsotsin da yake kwasa daga cikin masu cin ganyen shuka ne, ko da yake ba mu ce zai ɗauke wa kowa kula da gonarsa ba.

Bambancinsa da rina, da zuma, da gara

Yawancin labaran harbi da ake jingina wa zanzaro na rina ne. Rina ma tana da siririn ƙugu, amma launinta ya fi karkata ga ja mai duhu, kuma ba ta gini da laka. Gidanta kamar takarda yake, toka-toka, a rataye da ɗan siririn wuya, ramukansa a buɗe suna kallon ƙasa, kuma kullum za a tarar da su da yawa a kansa suna gadi. Idan aka taɓa gidan ko aka girgiza reshen da yake, a tare suke kawo hari, kuma kowace na iya harbi fiye da sau ɗaya. Zanzaro kuwa ko ana fasa gininsa a gabansa, yawanci kaucewa yake yi. Ba ya harbi sai an matse shi, misali an sa hannu a aljihun rigar da yake ciki ko yaro ya kama shi.

Kudan zuma da ya tare a cikin silin ko kogon bango lamari ne dabam, domin dubbai ne, kuma harinsu na iya kashe mutum ko dabbar da ke ɗaure a turke. Wannan aikin masu amya ne da suka san hayaƙi da lokacin da ya dace.

Abin da muka fi son jami'ai su lura da shi shi ne gara. Sau da yawa ana ganin laka a jikin azara a ɗauka ginin zanzaro ne a ƙyale, alhali gara ce ke cin rufin. Yaɓen gara yakan taso daga ƙasa ya bi bango kamar hanya, idan aka karya shi za a ga fararen ƙwari suna kai da komo, itacen da ke ƙarƙashinsa kuma ya zama holoƙo. Ginin zanzaro dunƙule ne da ke zaune shi kaɗai, ba shi da hanyar da ta haɗa shi da ƙasa, kuma idan aka kankare shi itacen lafiya lau yake. Gara ita ce ke buƙatar magani da gaggawa.

Inda barin ginin ke jawo asara

Matsalar zanzaro ta gaskiya tana cikin ramuka da bututu. Injin ban-ruwa da aka ajiye tun farkon damina ana jiran noman rani a fadamun da ke bin kogin Sakkwato ta Gusau da Bungudu, da janareta, da injin niƙa, da babur da ya daɗe a jingine, duk suna da kafofin shaƙar iska da na fitar da hayaƙi da zanzaro ke sha'awa. Idan laka ta toshe su injin zai ƙi tashi, ko ya tashi ya yi ta mutuwa, ko ya ɗauki zafi. Magidanci na iya kashe kuɗi wajen bakanike a kan abin da tsinke zai warware. Haka nan bakin injin feshi na goyo, da bututun murhun gas, da kafar kwaɗo, da lasifikar masallaci, da bututun da ke fitar da iska daga tankin ruwa.

Kayan lantarki sun fi buƙatar kulawa. Laka a cikin soket, ko makunni, ko akwatin fis, ko na'urar da ke juya wutar sola, tana toshe kafofin da zafi ke fita, kuma idan ta sha danshi tana iya haɗa wayoyi. A ɗakunan shan magani inda firij ɗin ajiyar allurar rigakafi ya dogara da sola, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada kowa ya zura ƙarfe ko jiƙaƙƙen tsinke a cikin irin waɗannan wurare sai an kashe wuta daga tushe, kuma gara a kira mai gyaran wuta. Idan a cikin mita ne, a sanar da ma'aikatan kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna, wanda Jihar Zamfara ke cikin yankinsa.

Domin a ga iyakar abin da ɗan toshewar nan ke iya haifarwa, a ranar 6 ga Fabrairu, 1996, jirgin saman kamfanin Birgenair na ƙasar Turkiyya, ƙirar Boeing 757, ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna ɗaya daga cikin 'yan bututun da ke auna gudun jirgin ya toshe, ya riƙa ba matuƙa bayanin da ba daidai ba. Jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye, kuma abin da masu binciken suka fi zargi shi ne ginin zanzaro. Darasin da ma'aikatan jiragen sama suka ɗauka shi ne rufe bakin bututun duk lokacin da jirgi zai daɗe a ƙasa, kuma shi ne dai maganin da ya dace da injin ban-ruwa: a ɗaure bakin salansa da kafar iska da leda ko tsumma kafin a ajiye, a kuma tuna a cire kafin a tayar.

Yadda ake cire ginin

Ba a buƙatar komai sai wuƙa ko cokalin magina da tsintsiya. A bari sai uwar ta fita, ko a yi aikin da sassafe, a yayyafa wa ginin ruwa ya yi laushi domin kada ya ɓamɓaro yaɓe ko fenti, sannan a kankare a share. Abin da ya zubo a watsa wa kaji. Idan uwar ta dawo ta sake farawa a wurin, a sake kankarewa. Bayan sau biyu ko uku takan canza wuri. A share yanar gizo-gizo a kai a kai, tun da abincin 'ya'yanta ke nan, a gyara famfon da ke ɗiga, a cike ramukan bango da ƙasa ko siminti, a sa raga a tagogi. Ragar tana da ƙarin amfanin hana sauro, wanda shi ne ƙwaron da ke kwantar da 'ya'yanmu da gaske a wannan lokaci na shekara.

Gidaje da azuzuwan da suka daɗe a rufe, ko saboda hutu ko saboda matsalar tsaro da ta raba wasu iyalai da muhallansu na wani lokaci, sukan cika da irin wannan gini. Wanda ya dawo ya fara buɗe ƙofofi da tagogi, ya duba sama da kyau ko akwai rina ko zuma kafin yara su shiga, ya kakkaɓe tufafi da takalma da shimfiɗa. Tsofaffin ɗakunan zanzaro kan zama maɓoyar gizo-gizo da wasu ƙwari, don haka a kankare su da ƙarfe, kada a fasa da hannu.

Batun maganin feshi

Fesa wa ginin zanzaro magani ɓarnar kuɗi ce. Tsutsar tana rufe a cikin laka inda maganin ba ya kai mata sosai, uwar tana waje, kuma gobe wata za ta zo daga wani gida. Wanda ke shaƙar maganin shi ne mai kwana a ɗakin. Sniper da fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalabe suna ɗauke da sinadarin dichlorvos, wanda guba ce mai ƙarfi da ke shiga jiki ta numfashi da ta fata. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwannin yau da kullum da kantuna, saboda yawan rayukan da ake rasawa ta dalilinsa. Muna jan hankalin jama'a da kada su fesa irin waɗannan magunguna a ɗakin kwana, ko madafa, ko jikin rumbun da ke da hatsi, kada kuma su ajiye su a kwalbar lemo ko wurin da hannun yaro zai kai.

Alamomin gubar sun haɗa da dalalar miyau, da gumi mai yawa, da amai, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da wahalar numfashi. Idan aka ga haka a fitar da mutum waje, a cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar maganin. Ɗura masa manja ko madara ko tilasta masa amai na iya tura abin cikin huhu.

Wuta ma ba hanya ba ce. Cinna wa gidan rina wuta a ƙarƙashin jinka ko kusa da dannin kara, musamman da hunturu lokacin da komai ya bushe iska na kaɗawa, na iya cinye ɗaki da rumbu saboda ƙwaron da tafin hannu ya fi gidansa girma.

Lokacin da ya kamata a nemi ma'aikata

A nemi taimako idan gidan rina babba ne kuma yana bakin ƙofa, ko a aji, ko masallaci, ko rumfar kasuwa, ko wajen ɗiban ruwa. Haka idan zuma ta tare a cikin gini, ko an tabbatar gara ce, ko kuma akwai wani a gidan da harbi ya taɓa kumbura masa jiki duka. Matakin farko shi ne sanar da mai unguwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, inda duba-gari suke. Idan ya zama dole a ɗauko kamfanin feshi, a tambayi shaidar rajistarsa da hukumar EHCON mai kula da aikin lafiyar muhalli a ƙasa, a tambayi sunan maganin da zai yi amfani da shi da lambar NAFDAC da ke jikinsa, da tsawon lokacin da mutane za su yi a waje. Ga shugabannin makarantu da na ɗakunan shan magani, shawararmu ita ce kada a ba da aikin feshi saboda ginin zanzaro kawai. Kuɗin ya fi amfani a raga da toshe ramuka, tare da zagayen duba gine-gine kafin a koma hutu da kuma a tsakiyar damina.

Idan an yi harbi

Harbin zanzaro kan yi zafi na ɗan lokaci da 'yar kumburi, sannan ya wuce. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi ko ƙanƙara a naɗe, a sha farasitamol idan zafin ya dame. Idan kudan zuma ne yakan bar ƙarinsa a fata, sai a kankare shi da farce nan take. Abin da ba a jira da shi shi ne kumburin fuska ko leɓe ko harshe, da shaƙewar murya, da sarƙewar numfashi, da jiri ko suma, da borin jini a duk jiki. Waɗannan kan bayyana cikin mintoci, kuma allurar adiranalin ce maganinsu, wadda sai ma'aikacin lafiya. Haka nan wanda rina ko zuma suka yi wa taron dangi, ko aka harbe shi a cikin baki, ko fitsarinsa ya yi duhu daga baya, a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, domin dafi mai yawa na taɓa ƙoda. Mutanen 'Yankuzo da kewaye su fara da ɗakin shan magani mafi kusa, daga nan Babban Asibitin Tsafe, idan abin ya fi ƙarfinsa kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau.

A wasu gidaje ana jiƙa ginin zanzaro a shafa wa kumburi kamar hangum, wasu masu juna biyu kuma sukan ɗanɗana shi saboda kwaɗayin ƙasa. Ya kamata a tuna cewa lakar daga inda uwar ta samu take, wanda zai iya zama bakin kwata ko makewayi, kuma a cikinta akwai ragowar matattun ƙwari. Kada a sa ta a kan buɗaɗɗen rauni ko cibiyar jariri, saboda ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a cikin ƙasa take zaune. Game da ci kuwa, gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a shekarar 2010 ta hanyar gurɓatacciyar ƙasa da ƙura ta shiga jikinsu. Mai juna biyun da ke jin sha'awar cin ƙasa ta faɗa wa ma'aikaciyar awo, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, kuma akwai ƙwayoyin da ake bayarwa dominsa.